DARASI: LITTATTAFAN DA ZA SU AMFANI SABON MAI KARATU

Karatu kamar fartanya yake. In an ajiye shi ba a aiki da shi, sai ya yi tsatsa. Akwai ɗaliban ajin yaƙi da jahilci da ke karɓar takardar shaida, su sa ta a akwati, su daina karatu. Bayan damina biyu sai baƙaƙen su ɓace musu. Wannan babbar asara ce. Maganinta kuwa shi ne a riƙa karanta littafi kullum, ko da shafi ɗaya ne.

To, wane littafi ya kamata manomin Rano ko 'yar kasuwar Kibiya su nema? Ga iri uku.

Na Farko: Littattafan Gyaran Hali

A fara da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. An fara buga shi a Zariya a shekarar 1937. Kashi uku ne. Hausarsa mai daɗi ce, labaransa kuma gajeru. A ciki akwai aku wanda ya tsare ɗan sarki daga makircin waziri ta hanyar ba shi labarai. Daga baya akun nan ya zama waziri. Littafin yana koya wa mutum iya magana, da tunani kafin aiki.

Sai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Labarin yaro ne da aka raba da uwarsa, ya sha wuya, amma ya yi haƙuri har ya zama babban malami. Marubucin malamin makaranta ne a lokacin. Daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Na Biyu: Littattafan Shugabanci

Shugabanci ba na sarki kaɗai ba ne. Mai unguwa shugaba ne. Shugabar ƙungiyar mata ma haka. Sarkin noma da maigida duk shugabanni ne.

Ƙasar Kano tana da tsofaffin littattafai a kan wannan. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha mai suna Tajuddini. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin yana gargaɗin shugaba kada ya ɓuya wa jama'arsa. Ya saurari kukansu da kansa, ya yi adalci, ya tsare dukiyar jama'a.

Haka kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wato Abdullahin Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkami a birnin Kano, don ya nuna wa masu mulki yadda ake riƙon jama'a.

Da Larabci aka rubuta su. Saboda haka ɗalibi ya je wurin malamin garinsu ya roƙe shi ya fassara masa. Shi kuma ya rubuta abin da ya ji da boko. Ya samu ilmi, hannunsa kuma ya ƙara faɗawa.

Na Uku: Littafin Sana'a

Wannan shi ne mafi kusa da aljihu. Ba a sayar da shi a rubuce. Mai sana'a ne zai rubuta abinsa. Sunansa littafin shiga da fita.

A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A raba kowane shafi gida huɗu: kwanan wata, abin da aka kashe, abin da aka samu, da bashi.

Ga misali. Mai ƙosai ta sayi wake na N3,000, mai na N2,000, itace na N500. Ta biya niƙa N300. Jimla N5,800. Ta yi cinikin N7,000. Ribarta N1,200 ke nan. In ta ɗauki N2,000 ta yi cefane, ta ci uwar kuɗi ba ta sani ba. Haka jari yake karyewa a hankali.

Manomi ma ya rubuta kuɗin taki, da na iri, da na ƙwadago. Da kaka sai ya san ko gonar ta biya shi. Ma'ajin ƙungiya kuwa, dole ne ya rubuta kowane kwabo, ya karanta a gaban taro. Sau da yawa rashin rubutu ne ke kawo zargi, har 'yan'uwa su ɓata.

Yadda Za A Samu Littattafan

Ana samun littattafan Hausa a shagunan littattafai na Kano da Zariya. In kuɗi ya yi wa mutum ɗaya yawa, ɗalibai biyar su haɗa su sayi guda. Kowa ya riƙe mako ɗaya. Ran Juma'a da yamma su zauna, ɗaya ya karanta, sauran su saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa albarka a karatu, amin.

Tambayoyi

1. Wa ya rubuta Magana Jari Ce?
2. Wane gargaɗi Shehu Magili ya yi wa shugaba?
3. Gida nawa ake raba shafin littafin shiga da fita?
4. Mutum ya kashe N4,500, ya samu N6,000. Nawa ce ribarsa?