Kafin a Huda Kujerar Jirgi: Shawarwari ga Masu Ƙera Jirgi a Gida

A Amurka akwai gidajen da mota ke kwana a waje saboda jirgin sama ya cinye gareji. Hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, ta yarda mutum ya ƙera nasa, muddin masu sha'awa ne suka yi mafi yawan aikin da hannunsu, abin da ake kira dokar kashi 51. Ƙungiyarsu, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana taro a Oshkosh duk shekara. Mu ma abin ya taɓa iso mu: Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da sojojin sama, daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi. Irin waɗannan jirage ba su da wadataccen wurin ajiya, shi ya sa idon mai ƙira yake saurin faɗawa kan ƙarƙashin kujera.

1. Leƙa da tocila tukuna. A yawancin ƙananan jirage, ta nan sandunan sarrafa fukafukai da wayoyi suke bi, wani lokaci har da bututun mai. Sifana ɗaya da ta zame ta maƙale a gindin sandar tuƙi ta isa ta hana matuƙi juya jirgi. Akwatin ajiya dole ya zama rufaffe ta kowane ɓangare, babu kafar da ko biro zai bi.

2. Kada a cika wurin da kaya masu tauri. Nan ne aka fi yin kuskure. Sararin da ke ƙarƙashin mazauni yana da aikinsa: idan jirgi ya buga ƙasa da ƙarfi, kujera tana lotsawa cikinsa ta shanye wani kaso na bugun kafin ya kai ga ƙashin baya. Wanda ya ajiye guduma ko batir a wurin ya kawar da wannan rangwame, kuma ya dasa ƙarfe daidai inda jikinsa zai sauka. Rigar sanyi, tsumma, takardun jirgi, su ne 'yan gida a nan. Kayan aiki su koma wurin kaya na baya, a ɗaure.

3. Ƙarfafawa ma tana da iyaka. Mai ƙira yakan ga fallen kujera ya ɗan lanƙwasa sai ya yi ta lafta masa ƙarfe. A ganina wannan tsoro ne ya yi aiki. Abin da ake so shi ne kujera ta tsaya daram a mazauninta, kada ta tsinke ta yi gaba, amma ta iya bayarwa ta ƙasa. A ƙarfafa inda take haɗuwa da gangar jirgi da inda ake taka ƙafa wajen shiga, sannan a sa soso mai shanye bugu maimakon na katifa.

4. Duk ramin da aka yanke, a yi masa baki. A zagaye kusurwoyinsa, don daga kusurwa mai kaifi tsagewa take farawa, a kuma ninka masa falle irin na asali. Ga ƙusoshin haɗi, ƙa'idar ita ce tazarar tsakiyar ƙusa da bakin falle kada ta gaza kaurin ƙusar sau biyu. Littafin gyara na FAA, AC 43.13-1B, ya yi bayanin wannan dalla-dalla.

5. Bel ɗin kujera ba a jikin murfin akwati yake kamawa ba. A bar shi inda zanen jirgi ya ce.

6. Sakata ta zama ta gaske. Tsohon ma'aunin FAA na ƙananan jirage yana lissafa fizgar gaba a saukar gaggawa da ninki tara na nauyi. Wato kayan kilo 2 za su daki murfi da ƙarfin kilo 18. Maganaɗisu ba zai riƙe wannan ba.

7. A sake hawa sikeli, a kuma kira ido na biyu. Bayan gyara a auna jirgin, a sabunta takardar nauyi da daidaito, a rubuta iyakar kilo a jikin murfin yadda matar gida ko yaro da zai zuba kaya zai gani. A tambayi kamfanin da ya zana jirgin kafin a yanke wani abu mai ɗaukar nauyi. EAA tana da ƙwararrun masu ba da shawara da ke zuwa gareji su duba aiki kyauta, kuma sun fi son a kira su tun ba a rufe fallen ƙarshe ba.