Kamar Kumbo Kamar Kayanta: Tsokaci a Kan Asalin Kalmar "Boko"

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a hirar zaure, har ta fara kutsowa cikin kundayen ɗalibai, watau ɗinka wa kalma asali don kurum ta yi kama da wata a kunne. Za mu fi mai da hankali a kan kalmar "boko", amma bari mu share fage da wadda kowa ya sani.

Akan ce wai sunan "Hausa" ya samo asali ne daga wani baƙo da ya zo bisa sa, mutane suka ce "ya hau sa". Labarin yana da daɗin ji, sai dai karin sauti bai goyi bayansa ba. "Sa" faɗau ne, wasalinsa dogo, alhali gaɓar ƙarshe ta "Hausa" sama take, wasalinta gajere. Daɗin daɗawa, idan aikatau ya zo a farkon harɗaɗɗiyar kalma yakan sauka ƙasa, kamar a "ci-rani" da "hana-salla". Ba haka "Hausa" take ba.

To, ita "boko" sha'aninta ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ba 'yan hira kaɗai suka riƙe ba. Malamai da dama sun koyar cewa daga kalmar Ingilishi "book" aka aro ta, kuma tun daga 2009, da rikicin Arewa maso Gabas ya kai ta jaridun duniya, sai zancen ya ƙara bazuwa. Hujjar a fili take: Turawa sun zo da littafi, an kira karatunsu karatun boko, sautin kuma ya yi kusa.

A 2013 Farfesa Paul Newman ya rubuta maƙala a kan wannan, inda ya nuna cewa kalmar Bahaushiya ce gaba da baya. Idan muka auna da kanmu za mu ga dalili. Da farko, Bahaushe yana da hanyar da yake bi in zai hausantar da baƙuwar kalma. Ga "cook", wadda ba ta bambanta da "book" ba sai a baƙin farko. Me ta zama? "Kuku". Ashe ke nan da an ari "book", "buku" za mu ji. Babu abin da zai mai da wasalin nan ya koma "o". Na biyu, ba a cika aron abin da ake da shi a ɗaka ba. Tun kafin Nasara, Bahaushe yana da "littafi", wanda ya karɓo daga Larabci "al-kitab".

Hujja mafi ƙarfi a ganina ita ce ta al'ada. A bikin aure na gargajiya akwai amaryar boko, yarinyar da akan ɗora bisa doki a yi ta kiɗa ana rakiyarta, ita kuwa amaryar gaskiya an sulale da ita ta wata hanya. Akwai kuma biri-boko, abin da aka yi don ganin ido. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo "boko" da irin waɗannan ma'anoni na algus da yaudara. Wace alaƙa ke tsakanin amaryar nan da littafin Bature? Abin da ya fi kama hankali shi ne, sa'ad da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, mutanen da suka saba da allo da ajami sun ɗauki sabon karatun a matsayin jabu, suka laƙaba masa sunan da suke da shi tun tuni. Sunan raini ne ya bi shi, har rainin ya kwanta sunan ya zauna.

Kada a ɗauka cewa duk kamanni ƙarya ne. "Sule" daga "shilling" take, "sisi" daga "sixpence", "kwabo" daga "copper". Waɗannan mun yarda da su domin kalma da abin tare suka shigo, kuma ba su da wata tsohuwar ma'ana a Hausa da ta shafi kuɗi kafin nan. An daina kashe sule da sisi bayan shigowar Naira a 1973, amma har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake yi ba shi da ko sisi.