Darasin Kiyaye Haɗari: Sigina Ita Ce Bakin Direba

Duk wanda ya taɓa zuwa Wudil ranar Juma'a ya ga yadda hanya take cika. Ga manyan motoci ɗauke da shanu, ga bas-bas, ga a-kori-kura, ga 'yan acaɓa da masu keke. Kowa sauri yake yi. Direban da ke cikin mota ba shi da halin yi wa na bayansa magana, domin gilashi da ƙarar inji sun raba su. Abin da ya rage masa shi ne 'yan fitilun nan masu ruwan lemo da ke gefen mota, gaba da baya, dama da hagu. Su ake kira sigina.

Wasu direbobi suna ce mata tirafiketa. Sunan ya samo asali ne daga motocin da. A wancan zamani wani ɗan ƙaramin hannu ne yake fitowa daga jikin mota ya miƙe, ya nuna inda za a juya. Yanzu fitila mai ƙiftawa ta maye gurbinsa. A yawancin motocin ƙasar nan sandar kunna ta tana hagun sitiyari. In an danna ta ƙasa, hagu ke nan. In an ɗaga ta sama, dama ke nan.

Sigina kafin birki

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri. Direba ya zo kwanar garinsu, ya taka birki, ya fara karya sitiyari, sannan ya tuna da sigina. Wannan ba ta da amfani. Kamar mutum ne ya shiga gida har tsakar gida sannan ya yi sallama.

A duba wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kusan taki 30 na babban mutum. Kafin direban baya ya ga abin da ke faruwa, ya ɗaga ƙafarsa ya ɗora a kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, wani lokaci ma fiye. Bayan nan kuma motar ba nan take za ta tsaya ba. In tirela ce da kaya, sai ta yi tafiya mai nisa tana jan taya. Saboda haka wanda ya kunna sigina a bakin kwana bai bar wa na bayansa komai ba sai salati.

Ga yadda ake yi. Da farko direba ya dubi madubi, ya san abin da ke bayansa da gefensa. Sai ya kunna sigina tun da sauran tazara, ya bari ta ƙifta sau da yawa. Sai ya rage gudu a hankali. Ya sake duba madubi, ya ɗan waiga, domin akwai wurin da madubi ba ya nunawa, kuma a nan mai babur ya fi ɓuya. In hanya ta yi kyau, sai ya juya. Haka ake yi in za a tsaya a gefen titi, ko za a tashi daga inda aka tsaya, ko za a wuce wata mota. A shataletale kuma, ana kunna ta dama in an zo hanyar da za a fita.

Kunna sigina ba ya ba mutum hanya. Sanarwa ce kawai. Wanda ya kunna ya faɗa gaban mota mai tahowa, laifinsa ne.

Juyawa hagu ta fi haɗari

Dattawa za su tuna cewa a da motoci a Nijeriya hannun hagu suke bi. Ran 2 ga Afrilu, 1972, aka koma hannun dama, irin yadda ake yi a Nijar da sauran maƙwabta. Tun daga nan duk mai son juyawa hagu sai ya ratsa gaban motocin da ke tahowa. Kuma ta hagun ne na baya yake wuce shi. Ke nan haɗari biyu ne ke jiransa, gaba da baya. Sau da yawa abin da ke faruwa a bakin ƙauyuka shi ne, mai babur ya zo daidai hanyar gona, ya karya hagu ba sigina ba waiwaye, alhali mota ta riga ta fito za ta wuce shi.

Al'adun da ba sa cikin doka

Akwai wasu al'adu da direbobi suka ƙirƙiro wa kansu. Ɗaya ita ce kunna sigina biyu a mararraba, wai ana nufin za a miƙe. Wannan ba daidai ba ne. Mai miƙewa ba ya bukatar kunna komai. An yi sigina biyu ne domin motar da ta lalace a hanya, ko domin gargaɗin na baya cewa akwai haɗari a gaba. Kuma ga inda matsalar take: wanda ke tsaye a gefen mararraba gefe ɗaya na motar yake gani. Zai ga fitila ɗaya tana ƙiftawa, ya ɗauka motar za ta juya, sai ya shigo.

Ta biyu ita ce ta direbobin manyan motoci. In ƙaramar mota tana bin su a baya, sukan kunna sigina su gaya mata ta wuce ko ta dakata. Niyyar mai kyau ce, amma ba kowa ne ya yarda da ma'ana ɗaya ba. A wurin wani, siginar hagu tana nufin kada a wuce, akwai mota a gaba. A wurin wani kuma tana nufin a bi ta nan a wuce. Wani ma da gaske hagun zai juya, zai shiga gidan mai. Fitila ɗaya, magana uku. Wanda ya fassara ta ba daidai ba, da ransa da na fasinjojinsa zai biya. Don haka kada direba ya wuce babbar mota sai ya ga hanya da idonsa.

Akwai kuma mai mantuwa. Ya sha kwana tun ɗazu, amma siginarsa tana ta ƙiftawa har gari na gaba. A mota takan mutu da kanta in sitiyari ya dawo daidai, amma in kwanar ba mai tsanani ba ce, ba ta mutuwa. A yawancin babura kuwa ba ta mutuwa ko kaɗan sai an kashe ta da yatsa. Siginar ƙarya ta fi rashin sigina muni, domin an yarda da ita.

In fitila ta mutu

Kowace safiya, kafin a fita, direba ya kunna sigina ya sa yaron mota ya duba gaba da baya. In ya ji tana ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwan fitila ɗaya ne ya ƙone. Kuɗin ƙwan bai kai kuɗin fasinja ɗaya ba a doguwar tafiya. A goge ƙura da taɓo daga murfin fitilar, musamman da damina da lokacin hunturu. A kuma lura kada buhu ko tabarma ko itace ya sauko ya rufe ta. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da motar da fitilunta ba sa aiki.

In ta mutu a tsakiyar tafiya, hannu yana nan. Direba ya fitar da hannunsa na hagu ta taga ya miƙe shi sosai, yana nufin zai yi hagu. In ya kifa tafin hannu yana ɗaga shi sama da ƙasa, yana nufin zai rage gudu. Mai keke ma haka, ya miƙa hannun hagu in zai yi hagu, na dama in zai yi dama, amma ya waiga tukuna. Da dare ba a ganin hannu, saboda haka wannan dabara ta rana ce kawai, kafin a kai wurin mai gyara.

Masu tafiya a ƙasa da fasinjoji

Sanin sigina ba na direba kaɗai ba ne. Mai tsallaka titi ya dubi fitilar mota, amma kada ya dogara da ita ita kaɗai. Ya jira ya ga motar ta rage gudu da gaske. Iyaye su koya wa yara wannan, musamman masu talla a bakin hanya da masu kora dabbobi.

Fasinjoji ma suna da nasu laifin. Mutum ya yi shiru har mota ta zo daidai ƙofar gidansu, sannan ya buga jikin mota ya ce, “Direba, akwai sauka!” Direba kuma, don kada a ce ya wuce da shi, sai ya faɗa gefe ba madubi ba sigina. Mai sauka ya faɗa wa yaron mota tun da nisa. In kuma an ɗan wuce da shi, ya yi haƙuri ya dawo da ƙafa.