Amsar Tambaya: In zuba jari a kamfanin mayar da shara makamashi?

Malam, ka dakata tukuna. Fasahar gaskiya ce: ana gasa shara da zafi mai tsanani cikin ƙarancin iska, ta fitar da gas mai juya injin lantarki. Matsalar tana cikin sharar kanta, yau jiƙaƙƙiya, gobe cike da leda da yashi, ga kwalta mai toshe bututu. A 2016 kamfanin Air Products ya watsar da masana'antarsa ta Tees Valley a Ingila, ya tafka asarar sama da dala miliyan 900. Za ka ce ƙaramin kamfani ya fi saurin gyara kuskure. Haka ne, amma aljihunsa ya fi saurin ƙarewa. Kada ka ba kamfanin da kake son zuba wa jari ko sisi sai ka ga injinsa ya shekara yana aiki.