GYARAN BANGON SILINDA TA HANYAR GUGA DA DUTSE

A Ashige, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, rayuwar manomi ta dogara ƙwarai ga ƙananan injuna: injin niƙa, da injin ban ruwa, da janareta, da babur mai kai doya da rogo kasuwa. In ɗaya daga cikinsu ya tsaya lokacin girbi, hasarar ba ta mai shi kaɗai ba ce. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe irin waɗannan injuna kuwa shi ne karcewar bangon silinda.

Yadda bango ke karcewa

Silinda ita ce ramin da fistan ke hawa da sauka a ciki. Tsakanin zoben fistan da bangon ramin akwai ɗan siririn baƙin mai wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Idan ƙurar hunturu ta shiga ta matatar iska da ta yage, ko mai ya ƙare, ko inji ya yi zafi fiye da kima, ko zobe ya karye, sai zane-zane su fito a bangon daga sama zuwa ƙasa. Ta nan iska ke zurarewa, mai kuma ya hau sama ya ƙone. Alamun su ne hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, da shan mai, da raguwar ƙarfi, da wuyar tashi da safe.

Gwaji kafin aiki

Ba kowace karcewa guga ke gyarawa ba. Bakanike zai bi zanen da farce a gicciye. In farce ya wuce sumul, guga za ta isa. In kuwa ya maƙale, zanen ya yi zurfi, sai a kai wa masu injin faɗaɗa rami, su ƙara faɗinsa da milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistan da zobe masu girman da ya dace. Injin da ke da bututun ƙarfe a cikin silinda kuwa, sai a sake bututun. Har ila yau, lalle a auna faɗin ramin a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, domin ramin da ya zama kamar ƙwai guga ba za ta daidaita shi ba. Wasu injunan zamani silindarsu ta alminiyam ce mai shafe na musamman, irin su Nikasil. Waɗannan ba a sa musu dutse na yau da kullum.

Yadda ake gugar

Magogin yana da ƙafafu uku, kowace da dutse mai laushi, ana ɗaura shi a bakin injin huda. Ga zobe na baƙin ƙarfe, dutse mai lamba 220 zuwa 280 ya wadatar.

1. A cire fistan, a rufe karanshaf da tsumma domin kada garin dutse ya zuba masa.
2. A kankare ɗan tudun da ke bakin ramin, watau inda zobe bai kai ba.
3. A shafa mai marar kauri a bango da duwatsun. Ba a guga a bushe.
4. A kunna injin huda a hankali, ana kai magogi sama da ƙasa ba tsayawa, kuma kada duwatsun su fita daga ramin gaba ɗaya.
5. A riƙa dakatawa ana share bango ana dubawa. Da zarar zanen ya ɓace, a tsaya.
6. A kashe injin, a matse ƙafafun magogi, sa'an nan a zare shi.

Abin da ake nema shi ne ƙananan layuka masu gitta juna kamar saƙar tabarma, a kusurwar digiri 45 ko kusa da haka. A cikinsu mai ke kwanciya, su ne kuma ke taimakon sabon zobe ya zauna daram. Bangon da ya yi santsi kamar madubi ba ya riƙe mai. Wanda aka zarce da gugarsa kuwa ya faɗaɗa ke nan, ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa.

Wanki da haɗawa

A nan ne yawancin aiki ke ɓaci. Fetur da kananzir ba su fitar da garin dutse daga cikin layukan. A wanke ramin da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a goge da farin ƙyalle har ya fito ba baƙi, sa'an nan a shafa mai nan take don gudun tsatsa. Garin da aka bari zai cinye sabon zobe cikin ɗan lokaci kaɗan.

Kada a mai da tsohon zobe. A sa sabon a cikin rami a auna tazarar bakinsa: kimanin milimita 0.1 ga kowace milimita 25 ta faɗin silinda, ko yadda littafin injin ya nuna.

Bayan gyara

A kwanakin farko kada a ɗora wa inji kaya mai nauyi, kada kuma a bar shi yana sululu na tsawon lokaci. A sake baƙin mai da wuri. Daga nan sai kula da matatar iska, musamman lokacin hunturu da kuma a ɗakin niƙa inda gari ke tashi, tare da duba mai kowace safiya kafin a tayar da inji. Kuɗin sabuwar matata bai kai na faɗaɗa silinda ba ko kusa.