Doki ba kayan sallah ba ne

'Yan watanni bayan babbar sallah wasu samari suka kira ni wata unguwa a Kano, wai wani doki ya ƙi tashi. Na tarar da ingarma kwance a wani kango bayan gida, haƙarƙari duk a waje, ƙuda sun rufe shi. Igiyar dabaibayi ta ci fata ta nutse cikin nama. Kofato ya yi tsawo har ya lanƙwashe. A gadon bayansa ga gyambon sirdi ya fi tafin hannu, an shafe shi da baƙin mai da toka. Bokitin ruwansa ya bushe har ya yi ƙura.

Mai dokin ya saye shi ne don hawa. An yi ado, an yi hoto an watsa a Facebook, daga nan ya bar wa wani yaro kiwo ba tare da kuɗin harawa ba. Da dokin ya fara rama aka kira wani "mai allurar dabbobi". Wannan bawan Allah ya yi masa lalas a ƙafa, ya ɗirka masa allurar da shi kansa bai iya faɗin sunanta ba, sannan ya ɗura masa jiƙon kanwa ta hanci. Ta hanci! Ruwan ya gangara huhu. Tarin da na ji dokin yana yi ke nan, ga zazzaɓi.

Da na samu mai shi a waya, cewa ya yi: "Likita, ai dabba ce, in ta mutu a kira mahauta." Dattawan unguwa ne suka sa baki ya sallama shi. Muka yanke igiyar, muka wanke mikin, aka yi allurar tetanus, aka fara maganin huhu. Maƙwabta suka yi karo-karo na harawa. Nan ma sai da na yi faɗa, don wani mai tausayi ya zo da kwano cike da dawa zai zuba masa. Dokin da ya daɗe cikin yunwa, hatsi da yawa lokaci guda na iya kashe shi. Ciyawa kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa a rana, har kusan kwana 10 kafin a ƙara. Ya tashi, amma bayansa ba zai sake ɗaukar sirdi ba.

A 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya, muna ta alfahari. Dawakan da ke ɗauke da wannan alfahari fa, wa ke leƙa bargarsu bayan Hawan Daushe?

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ba za ka iya ciyar da doki shekara cur ba, yi haya ranar hawa. Doki na shan lita 30 zuwa 50 a rana, lokacin zafi ya fi haka. A gyara kofato duk mako 6 zuwa 8. A ba shi maganin tsutsa da kaska. Baƙin mai na inji ne, ba na miki ba. Kada a ɗura wa doki komai ta hanci, na sake faɗa, ko ruwan sanyi ne. Mai jakar allura da ke yawo kasuwa-kasuwa ba likita ba ne.

In ka ga doki ɗaure a rana yana rama a unguwarku, kada ka jira ya kwanta. Sanar da mai unguwa, ku kira likitan dabbobi na gwamnati mafi kusa.