Yadda Ake Wasan Neman Kalma a Zauren WhatsApp na Ƴan Madarumfa

Wasan neman kalma da ya bazu a duniya ta intanet, wanda ake kira Wordle, wani injiniya ɗan yankin Wales mazaunin New York mai suna Josh Wardle ne ya fito da shi a watan Oktoba na 2021, jaridar New York Times kuma ta saye shi a Janairun 2022. Dokarsa ba ta da yawa: an ɓoye kalma mai haruffa biyar, ana ba ka dama shida ka gano ta, kuma duk lokacin da ka gwada sai a nuna maka haruffan da ka dace da su. Da Ingilishi ake yinsa, kuma kwamfuta ce alƙali. Amma babu abin da ya hana mutanen Madarumfa su yi nasu da Hausa, a zauren WhatsApp ɗin da suke da shi tun da farko, na fada ko na tsofaffin ƴan lakwal ko na dangi, ɗaya daga cikinsu ya zauna a kujerar alƙali. Ba ya cin kiredi kamar bidiyo, kuma ko rezo ya yi rauni gajeren saƙo yana wucewa.

Ina ganin ya dace da mu ƙwarai. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, alhali da yawanmu da Faransanci muka koyi rubutu. Mutum ya wuni yana Hausa a kasuwa da gona da bakin tabki, amma in ya zo rubuta ta sai ya sa ou inda u take, ya sa tch inda c take. Wasan nan yana gyara hannu ba tare da an zaunar da kowa a aji ba.

Abu na farko shi ne wurin wasan. Kada a yi shi a babban zauren gari inda ake sanar da rasuwa da suna da ɗaurin aure, domin saƙonnin wasa za su binne sanarwa, dattawa kuma su ji an raina wurin. A buɗe ƙaramin zaure daban, a gayyaci masu so. Mutum takwas zuwa ashirin sun isa. Sai a tsayar da lokaci, kuma bayan isha'i ya fi, lokacin da aka ɗora shayi kowa ya natsu. Ɗan'uwan da ke Jibiya ko Katsina ko Kano agogonsa ɗaya da namu. Na Abijan da na Kumasi suna bayanmu da awa ɗaya, na Libiya yana gabanmu da awa ɗaya, na Makka da awa biyu. A duba wannan kafin a yanke, don kada a riƙa rufe wasa ƴan ci-rani ba su taso daga aiki ba.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi kowane muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa: a daidaita kan rubutu tun kafin a ɓoye kalma ko ɗaya. Zauren da bai yi haka ba, gardama ce za ta kashe wasansa cikin mako guda.

A fara da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kowanne harafi ne mai zaman kansa. Kanwa daban, ƙanwa daban. Karya daban, ƙarya daban. Kunci daban, ƙunci daban. In alƙali ya ɓoye ƙanwa wani ya rubuta kanwa, harafin farko bai ci ba, ko da ya rantse ƙanwar yake nufi. Wannan ya sa dole kowa ya gyara wayarsa. A wayar Android, a shiga saitin madannai na Gboard, a je wajen harsuna, a ƙara Hausa. Daga nan in aka danne b ko d ko k ko y na ɗan lokaci, mai ƙugiyar zai fito. Wanda wayarsa ta ƙi, a yarda masa ya sa ɗan waƙafi a sama bayan harafin, ya rubuta k' a madadin ƙ, a lissafa su gida ɗaya. Ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ, ƴan Najeriya kuma suna rubuta 'y. Duka biyun a ɗauke su harafi ɗaya.

Sai sh da ts. A ilimin harshe kowannensu sauti ɗaya ne, amma a wasa ya fi sauƙi a ƙidaya abin da ido ya gani: hatsi gida biyar ne, h, a, t, s, i. Haka ma gw da ky da ƙw. Kalmomi masu alhamza a tsakiya, irin su jama'a da sana'a, a bar su kawai, ba sa rasa jawo rikici.

Daga nan sai batun karin harshe, kuma a nan Madarumfa take da nata yanayi. Garin yana kudu da Maradi, a tsakaninta da iyakar Najeriya, kuma duk wanda ya bi ta Ɗan Isa ya faɗa Jibiya ya san baki ɗaya ake yi a gefen biyu. Hausarmu ta Katsinawan Maradi ce: muna cewa hura da biyat da tahiya, littattafan Kano suna rubuta fura da biyar da tafiya. Ruwan da ke gefen garin ma wani zai rubuta tabki, wani tafki, wani tapki, kuma duka haruffa biyar ne. To wanne alƙali zai karɓa? Shawarata ita ce a raba abin biyu. Kalmar da za a ɓoye ta kasance a daidaitacciyar Hausa, irin wadda ake samu a ƙamus, in kuwa alƙali ya zaɓi ta gida sai ya sanar tun farko cewa yau bakin Maradi ne. Amma wajen gwaji a karɓi kowace kalma da mutanen yankin suke faɗa da gaske. Ba na son wasan ya zama wurin da ake nuna wa yaro cewa Hausar kakarsa kuskure ce. Kalmomin aro ma haka: kamyo ta shigo mana daga Faransanci, lauya ta shigo wa ƴan Najeriya daga Ingilishi, dukansu sun zama Hausa. Sunan mutum da na gari kuwa ba a ɓoyewa.

In gardama ta ƙi ƙarewa, a koma ga ƙamus. Akwai na Bargery na 1934, wanda ake iya bincikawa ta intanet kuma ya tattara kalmomin Katsina da Gobir da Sakkwato da yawa. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, akwai kuma ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini, wanda ya fi kusa da bakin Nijar. A naɗa mutum ɗaya, malamin lakwal ko wani mai littafi a gida, ya zama shi ake tambaya, hukuncinsa kuma ya zauna har gobe. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi a saƙo ɗaya a maƙale shi a saman zaure.

Mataki na uku, alƙali da shaidarsa. Kafin a fara, alƙali zai tura kalmar a ɓoye ga mutum ɗaya da ba zai yi wasa ba a ranar. Amfanin wannan a fili yake: in aka gama, shaida ya nuna saƙon da lokacin da aka turo shi, babu mai cewa an canza kalma a tsakiyar hanya don wani ya ci. WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15, amma yana sa alamar an gyara. Saboda haka doka ita ce duk gwajin da aka gyara ya faɗi.

Yanzu wasan kansa. Alƙali ya yi sallama, ya ce kalma ta shiga rumbu, haruffa biyar. Zauren gaba ɗaya ne yake da dama shida, ba kowane mutum ba, kuma wannan ne ya sa na taro ya fi na kaɗaici daɗi, domin sai an yi shawara. Wanda ya riga turowa shi ake amsa wa, kuma ba ya sake gwadawa sai wasu biyu sun gwada. Alƙali yana jan saƙon mutum ya amsa a kansa da alamu biyar: kore in harafin yana cikin kalmar kuma a gidansa yake, ruwan ɗorawa in yana ciki amma ba a gidansa ba, baƙi in babu shi. Akwai ƴan murabba'ai masu waɗannan launuka cikin hotunan madannai, sai dai tsofaffin wayoyi ba sa nuna su. Lambobi sun fi tabbas: 2 kore, 1 ɗorawa, 0 baƙi.

A ce alƙali ya ɓoye gulbi. Na farko ya turo SAURO, amsa ta zo 0 0 1 0 0. An san ke nan akwai u amma ba a gida na uku ba, kuma s da a da r da o sun fita. Wata ta turo KUNCI, aka ba ta 0 2 0 0 2: u ta zauna a gida na biyu, i a ƙarshe. Na uku ya ce TUMBI, ya samu 0 2 0 2 2, saura gida na farko da na uku. A nan ne gaggawa take cin mutum. Wani saurayi ya turo GURBI yana murna, ya manta r ta fita tun a sauro, amsa ta zo 2 2 0 2 2. Ya ɓata wa zaure dama ɗaya, amma ya samo musu g. Sai wata yaya da ta yi shiru tun ɗazu ta rubuta GULBI, biyu-biyu har biyar, zaure ya cika da barka.

Wurin da alƙalai suke yawan tuntuɓe shi ne harafin da ya maimaitu. In kalmar ɓoye hatsi ce aka gwada WAINA, amsar ita ce 0 2 1 0 0. A ta farko ta ci kore, i tana ciki amma ba a gidanta ba, a ta ƙarshe kuwa baƙi ce, domin a ɗaya ce tak a cikin hatsi kuma an riga an biya ta. Alƙali ya rubuta kalmarsa a takarda da lambobi ɗaya zuwa biyar a ƙarƙashi, ya duba sau biyu kafin ya tura. Amsa ɗaya ta kuskure tana rusa wasan dare gaba ɗaya, in kuma ta faru a soke zagayen kawai a ɓoye wata.

Masu nema kuma su yi aiki da yadda Hausa take gina kalma. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, gida na biyu ma galibi wasali ne, kuma a ta fi kowane harafi yawa. Shi ya sa kalma mai wasula uku daban-daban, irin sauro, take da kyau a buɗe da ita. Alƙali mai wayo kuwa yakan ɓoye irin su mutum da malam da biyar, masu ƙarewa da baƙi, ya bar zaure yana lalube.

In dama shida suka ƙare ba a gano ba, sai a yi yadda ake yi a kacici-kacici: zaure ya ba alƙali gari. Su ce mun ba ka Gabi, ya ce bai karɓa ba. Su ce mun ba ka Maradi, sannan ya faɗi kalmar. Wanda ya gano kuma shi ne alƙalin gobe. Ladan ke nan, kuma ya isa. Kada a sa kuɗi, ko dala ɗaya, ko kiredi. Ranar da aka sa, wasa ya koma caca, masu mutunci za su fice.

Kada a manta da waɗanda ba sa rubutun boko. Akwai masu ajami, akwai iyaye mata da suka fi kowa sanin kalma amma saƙon murya kawai suke turawa. A ba su marubuci: Inna ta faɗi kalmarta da murya, ɗaya daga cikin yara ya rubuta da sunanta, ya karanta mata amsar. Su ne za su kawo kalmomin da ƴan lakwal ba su taɓa ji ba. Don a jawo su, a riƙa ba kowane mako jigonsa. Makon tabki, a ɓoye jirgi da birgi, masunta su yi ta ci. Makon noman rani irin na Jiratawa, ga lambu da gwaza da karas. Da damina kuma hauya, galma, maiwa, gyaɗa, rumbu. In aka gano kalma, wanda ya san ta ya yi bayaninta a minti ɗaya, musamman in yara ba su san abin ba.

Ranar da alƙali bai samu caji ba ko rezo ya hana shi, akwai wasan da ba ya buƙatarsa. A ba da haruffan kalma ɗaya mai tsawo, a ce kowa ya fitar da kalmomi daga cikinsu cikin minti goma, kada ya yi amfani da harafi fiye da yadda ya zo. MADARUMFA tana da a uku, m biyu, sai d, r, u, f. Daga ciki ana samun fada, dara, rama, fura, duma, rufa, madara, har da damfara mai haruffa bakwai. Ɗumama ba ta shiga, domin d ɗin ba mai ƙugiya ba ce. Kowa ya tura jerinsa a saƙo ɗaya idan lokaci ya cika, a soke kalmomin da mutum biyu suka kawo, a ƙidaya haruffan waɗanda suka rage wa kowa.